Mars na Romawa: abin bautar yaƙin da manoma ke roƙo

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a Maraɗi. Malaminmu na Faransanci ya ce mana sunan watan Maris da kalmar mardi, wato Talata, duk daga sunan abin bautar yaƙi na Romawan dā suka fito. Wane ne shi? Na kuma ji an ce Romawa ba su da nasu, na Girkawa mai suna Ares suka ara suka sauya masa suna. Haka ne?

Amsa: Barka kadai, ɗiyata. Malaminku bai yi kuskure ba. Sunan abin bautar Mars. Watan da muke kira Maris, a Latinanci Martius ne, ma'ana watan Mars, mardi kuma ta samo asali daga dies Martis, ranar Mars. Talatarmu dai ba ruwanta da shi, daga ƙidayar Larabci ta zo mana. Maganar aro kuwa rabinta gaskiya ce, ɗaya rabin kuma shi zai ci mana lokaci.

Bari in fara kawar da wani ruɗani da nakan gani wurin ɗalibai. Rumawan da aka ambata a Suratur Rum, waɗanda Farisa ta rinjaya sannan suka rama, mutanen daular gabas ne mai hedikwata a Kustantiniyya, kuma a lokacin Kiristoci ne tun da daɗewa. Waɗanda muke magana a kansu kakanninsu ne a mulki, mutanen birnin Roma na Italiya, masu bautar alloli barkatai ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam.

Girkawa ba su ɗauki Ares da daraja ba. A waƙar Homa ta yaƙin Taroya, wani jarumi ɗan Adam mai suna Diyomidis ya soke shi da mashi a ciki, da taimakon Atena, abar bautar hikima. Ares ya kurma ihu kamar na mutum dubu tara ko goma, ya gudu sama ya kai ƙara wurin ubansa Ziyus, uban kuma ya ce masa duk cikin allolin da ke tare da shi babu wanda ya fi tsana kamarsa. A wani labarin an kama shi cikin raga tare da matar wani, sauran alloli suka taru suna yi masa dariya. A wurin Girkawa Ares haukan yaƙi ne da ƙishirwar jini, shi ya sa ɗakunan bautarsa ba su da yawa a biranensu. Dabarar yaƙi da kare gari Atena suka ba wa.

Romawa kuwa "Uba Mars" suke cewa. In aka cire Jupita, babban allolinsu, babu wanda ya kai shi matsayi a tsohon addininsu. Manyan firistoci uku na musamman da birnin ke da su, ɗaya na Jupita ne, ɗaya na Mars, ɗaya na Kwirinus. Sunansa ma ya nuna ɗan gida ne a Italiya: a tsohon Latinanci Mavors, a bakin maƙwabtansu masu harshen Oskan Mamers, a wata tsohuwar waƙar bauta kuma Marmar. Abin da aka aro daga Girka tatsuniyoyi ne da kamanni. Da Romawa suka cuɗanya da Girkawa sosai, musamman daga ƙarni na 3 kafin Miladiyya, sai mawaƙansu da masassaƙansu suka kwaso labaran Ares suka jingina wa Mars, har da soyayya da Binus, abar bautar soyayya ta Romawa. A shekara ta 217 kafin Miladiyya, lokacin da Hanibal, janar ɗin birnin Kartaj na Arewacin Afirka, ya tsananta wa Roma, an shirya wa alloli goma sha biyu liyafa irin ta Girkawa, aka zaunar da gunkin Mars kusa da na Binus. To wanda ya tsaya ga waƙoƙi zai ce Mars Ares ne da sabuwar riga. Wanda ya duba ibadar da ake yi a titi da gona zai ga wani abu dabam, domin Romawa mutane ne da addininsu ya fi ƙarfi a aiki da kalanda fiye da labari.

Mu duba kalandar. Tsohuwar shekarar Romawa da Maris take farawa. Shaidar tana nan a bakinki: Satumba daga kalmar bakwai take, Oktoba takwas, Nuwamba tara, Disamba goma. Ke da kike karatun Faransanci kin san sept da neuf da dix. Lissafin ba ya daidaita sai an fara ƙirga daga Maris. A Italiya sanyi da ruwan sama a ƙarshen shekara suke, hanyoyi su lalace, ba a fita yaƙi. Da Maris ya kama sai gari ya buɗe, daga nan har Oktoba lokacin fita daga ne. A ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa akasin haka ne a lissafin watanni, sai an yi kaka an shiga rani dawakai ke fita, amma dalilin ɗaya ne: yanayi ke ba da izinin yaƙi. Bukukuwan Mars a bakin wannan lokaci da ƙarshensa suka taru. Akwai tseren dawakai ranar 27 ga Fabrairu da 14 ga Maris, tsarkake kakakin yaƙi ranar 23 ga Maris, sannan ranar 19 ga Oktoba a tsarkake makamai a ajiye.

Abin kallo a watan Maris su ne Saliyawa, a Latinanci Salii, wato masu tsalle. Firistoci ne goma sha biyu daga manyan gidaje, sanye da kayan yaƙi na zamanin kakanni. Suna zaga birni suna rawa mai taku uku-uku, suna dukan garkuwoyi da sanduna, suna rera wata waƙa da ta tsufa har wani malamin balaga na ƙarni na farko bayan Miladiyya, Kwintiliyan, ya ce su kansu firistocin da ƙyar suke fahimtar abin da suke faɗa. Garkuwoyin ma da labarinsu. An ce a zamanin Numa, sarki na biyu, garkuwa ɗaya ta faɗo daga sama, aka yi bushara cewa inda take nan mulki zai tabbata. Don kada ɓarawo ya gane ta, Numa ya sa wani maƙeri mai suna Mamuriyus ya ƙera goma sha ɗaya irinta sak, aka cakuɗa su.

Kada ki ɗauka wasan gargajiya ne kawai da ba wanda ya damu da shi. Sikipiyo, wanda ya karya Hanibal a Zama a shekara ta 202 kafin Miladiyya, yana cikin Saliyawa. A shekara ta 190, rundunar Roma na shirin ƙetarawa zuwa Asiya don yaƙar Sarki Antiyokus, sai kwanakin fito da garkuwoyi suka riske shi a hanya. Dokar ƙungiyar ta hana shi barin inda yake, runduna guda ta zauna jiransa. A gefe guda kuma an san Saliyawa da cin daɗi, liyafarsu har karin magana ta zama a Roma. An ruwaito cewa wata rana Sarki Kalaudiyus yana zaman shari'a, ƙanshin girkin da ake yi musu a haikalin Mars ya buge shi, ya bar masu ƙara ya je ya zauna cikinsu. Ni dai ban ga laifinsa sosai ba.

Akwai kuma masu (jam'in mashi) na Mars, da ake ajiyewa a Rejiya, tsohon gidan sarki da ke tsakiyar birni. In an ƙudura yaƙi, jagoran runduna zai shiga ya girgiza su ya ce "Mars vigila", wato "Mars, farka!" In kuwa aka ce masun sun motsa da kansu, majalisar dattawa takan ɗauki abin a matsayin mugun alami, a yi hadaya. Ki riƙe wannan kalmar ta farkawa, domin tana nufin a farka daga barci, tana kuma nufin a tsaya gadi.

Yanzu mu fita gona, inda na fi so ki tsaya. Kato Babba, ɗan siyasar da ya rayu daga 234 zuwa 149 kafin Miladiyya, ya rubuta littafin noma, a ciki ya koya wa mai gona yadda zai tsarkake ƙasarsa. A samo ɗan alade da ɗan rago da ɗan maraƙi, a zaga da su iyakar gonar gaba ɗaya, sannan a yanka. Sunan hadayar suovetaurilia, sunayen dabbobin uku ne aka harhaɗa. Wa ake kira a addu'ar? Uba Mars. Manomi yana roƙonsa ya tare cututtuka na fili da na ɓoye, ya kau da fari da ɓarna da mugun yanayi, ya bar hatsi da inabi da itatuwa su yi albarka, ya kiyaye makiyaya da garkensu, ya ba shi lafiya shi da gidansa da iyalinsa. Ko kalma ɗaya ta yaƙi babu a ciki. Babu Bagirken da zai tsaya a gonarsa ya roƙi Ares lafiyar tumaki.

Haka bikin Dokin Oktoba, ranar 15 ga wata, wanda shi ne mafi ban mamaki a duk ibadun birnin. Ana tseren karusai masu doki biyu-biyu a Filin Mars. Karusar da ta ci, a ɗauki dokinta na hannun dama a soke shi da mashi. A yanke wutsiya a ruga da ita Rejiya tun jinin bai daskare ba, don ya ɗiga a murhun gidan. Kan dokin a yi masa ado da curin burodi, sannan mutanen unguwanni biyu, Subura da Hanya Mai Tsarki, su yi kokawa a kansa, waɗanda suka ƙwace su kafa shi a bangon da ke nasu ɓangaren. Doki dabbar yaƙi ce, mashi makami ne, Oktoba ƙarshen fita daga ne. Amma ga burodi, kuma wani tsohon marubucin Latinanci ya ce don albarkar amfanin gona ake yin hadayar.

Wannan ya raba kan masana. Wasu a ƙarni na 19 da farkon na 20 suka ce asalin Mars abin bautar noma ne, daga baya da Roma ta zama mai yawan yaƙi aka ɗora masa sulke. Masanin Faransa Georges Dumézil ya ƙi wannan, ya ce Mars mayaƙi ne tun fil azal, aikinsa a gona aikin mai gadi ne. Na fi karkata ga Dumézil, kuma hujjata addu'ar Kato ce kanta. Yawancin kalmominta na tarewa ne da korewa da kiyayewa, kuma dabbobin iyaka ake zagawa da su. Cuta da fari da ɗan hari duk daga waje suke shigowa, duk kuma mai tsaron iyaka ɗaya ake kai wa kukansu. Sai dai ina ganin gardamar ta fi damun malamai fiye da yadda za ta dami Baromen wancan zamani, wanda shi da kansa manomi ne kuma soja. A farkon jamhuriya babu sojan albashi. Mai gona shi ke sayen makaminsa, ya fita daga, ya dawo ga garmarsa. Labarin Sinsinatus da suke alfahari da shi ke nan: a shekara ta 458 kafin Miladiyya aka same shi yana huɗa, aka damƙa masa mulki gaba ɗaya, ya ci yaƙi, cikin kwana goma sha shida ya ajiye ya koma gona. Mutumin da rayuwarsa ke tsakanin garma da mashi ba zai ga baƙon abu ba in abin bautarsa ya haɗa biyun.

Batun iyaka ya bayyana har a taswirar birnin. Roma tana da wata iyaka ta addini da ake kira pomerium, ba lalle ta bi ganuwa ba, kuma haramun ne runduna ta ƙetare ta da makami sai ranar bikin nasara da majalisa ta amince. Bagadin Mars a waje da ita yake, a Filin Mars, wata fadama da ke gefen kogin Tiber. Nan samari ke koyon hawa da jifa, nan ake taron zaɓen manyan shugabanni domin jama'a a tsarin runduna suke jefa ƙuri'a, nan kuma ake rufe ƙidayar jama'a da irin hadayar nan ta dabbobi uku, a zaga da su mutane kamar yadda ake zaga gona. Tsohon haikalinsa da aka keɓe a shekara ta 388 kafin Miladiyya shi ma a wajen ƙofar Kapena yake, kan hanyar kudu. Masu da garkuwoyinsa suna barci a cikin gari, amma shi kansa a bakin ƙofa aka zaunar da shi. Suna girmama shi, suna kuma sane da abin da zai faru in ya shigo kasuwa. Yaƙe-yaƙen basasar da suka cinye jamhuriyar a ƙarni na farko kafin Miladiyya sun nuna tsoron nasu yana da dalili.

Me ya sa suke ce masa uba? A labarinsu, Amuliyus ya ƙwace sarautar Alba Longa daga ɗan'uwansa Numito, ya tilasta wa 'yar Numito, Riya Silbiya, shiga hidimar Besta, abar bautar murhu, inda aure ya haramta, don kada ta haifi magaji. Sai ga ta da ciki, ta haifi tagwaye, ta ce Mars ne ubansu. Aka jefa jariran a kogin Tiber, ruwa ya ajiye su a gaɓa, macen kyarkeci ta shayar da su, tsuntsun nan mai sassaƙar itace da baki ya riƙa kawo musu abinci, kuma dukansu biyu dabbobin Mars ne. Makiyayi ya tsince su ya rena. Su ne Romulus da Rimus. Romulus ya kafa Roma, a lissafin da suka yarda da shi ranar 21 ga Afrilu, 753 kafin Miladiyya, ya kuma kashe ɗan'uwansa saboda ya tsallake ganuwar da yake ginawa. Kin ga iyaka ta sake fitowa. Su kansu Romawa masu ilimi ba duka suka haɗiye labarin ba. Marubucin tarihinsu Libi ya ce ko dai yarinyar ta yi imani da hakan, ko kuma ta ga ɗora laifin a kan abin bauta ya fi rufin asiri. Ya ƙara da cewa al'ummar da ta kai Roma ɗaukaka a yaƙi, in ta ce Mars ne ubanta, sai sauran duniya su haƙura su karɓa kamar yadda suka karɓi mulkinta.

Ba Romawa kaɗai ke da shi ba. Ƙabilun tsaunukan Italiya suna da al'adar da in masifa ta tsananta sai su yi wa Mars alkawarin duk abin da aka haifa a bazarar shekarar. Dabbobi a yanka, yara kuwa in sun girma a sallame su su nemi sabuwar ƙasa. An ce Samniyawa bijimi suka bi, Hirpiniyawa kyarkeci, Pisentiyawa kuma wancan tsuntsun. Wasu sojojin haya da suka ƙwace Mesina a Sisili sun kira kansu Mamertini, mutanen Mamers, kuma neman taimakon da suka yi wa Roma ne ya kunna yaƙin farko da Kartaj a shekara ta 264 kafin Miladiyya.

Wanda ya shigo da Mars tsakiyar gari da babban haikali shi ne Agustus, mai watan Agusta. An kashe Yuliyus Kaisar ranar 15 ga Maris, 44 kafin Miladiyya. Bayan shekara biyu, a yaƙin Filibi, magajinsa, wato Agustus, ya yi alkawarin in ya ga bayan Burutus da Kasiyus, jagororin waɗanda suka kashe Kaisar, zai gina haikali ga Mars Ultor, Mars Mai Ramuwa. Sai da aka shekara arba'in kafin a keɓe shi, a shekara ta 2 kafin Miladiyya. A tsakani an ƙara wa ramuwar wata ma'ana. A shekara ta 53 Partiyawa, masu mulkin Farisa a lokacin, sun ragargaza rundunar Karasus a Harran, a kudancin Turkiyya ta yau, suka kwashe tutocin Roma. A shekara ta 20 Agustus ya karɓo su ta hanyar sulhu, ba a harba ko kibiya ɗaya ba, amma aka yi ta shela kamar an ci yaƙi, aka ajiye su a wannan haikali. Ya kuma yi doka cewa a nan majalisa za ta tattauna yaƙi da bikin nasara, daga nan gwamnoni za su tashi zuwa lardunansu. A ganina wannan siyasa ce tsagwaronta: gidan Kaisar na da'awar jinin Binus, birni na da'awar jinin Mars, sai mai mulki ya ɗaura wa biyun aure a dandalin da ke ɗauke da sunansa. Ginshiƙai uku na haikalin suna tsaye a Roma har yau.

In an tambaye ki a jarrabawa, ki sani ba shi kaɗai ke da hannu a yaƙi ba. Akwai Belona, mace, wadda a gaban haikalinta ake jefa mashi don shelar yaƙi, akwai Yanus, mai watan Janairu, wanda ƙofofin haikalinsa ke buɗe muddin ana yaƙi. Da daula ta faɗaɗa kuma, sojoji suka riƙa haɗa sunan Mars da na allolin ƙasashen da suka zauna, irin su Mars Lenus a Tiriya ta Jamus da Mars Kosidiyus a arewacin Ingila, kuma Lenus ɗin an fi zuwa wurinsa neman waraka.

Bautar ta mutu bayan daular ta karɓi Kiristanci, dokokin Sarki Tiyodosiyus na shekarun 391 da 392 suka haramta hadaya ga gumaka. Sunan ne ya ƙi tafiya. Yana cikin Maris da mardi, yana cikin sunan Martin, yana kan filin Champ de Mars da ke gindin hasumiyar Eiffel a Paris, da unguwar Campo Marzio a Roma. Yana kuma kan jar duniyar nan da Larabawa ke kira Mirrikh, wadda ake ganin launinta mai kama da jini ne ya sa aka danganta ta da yaƙi, alhali tsatsar ƙarfe ce a ƙasarta. A 1877 wani masanin taurari Ba'amurke, Asaph Hall, ya gano ƙananan watanni biyu da ke zaga ta, aka raɗa musu Fobos da Daimos, Tsoro da Firgici. Waɗannan kam 'ya'yan Ares ne a tatsuniyar Girkawa, ki gaya wa malaminku a nan mai maganar aro ya ci gardama.